Geron da Nake Zubawa a Gindin Tafasa

Labari ya iso mini cewa kun yi taro a kaina. Ba a gayyace ni ba, kuma hakan daidai ne, tunda ba a kiran majinyaci wurin shawarar likitoci. An ce ɗaya daga cikin jikokina ya gan ni a filin da ke bayan gidanmu da hantsi, na tsuguna ina yi wa ciyawa sallama, na kuma zaro gero daga aljihun rigata na zuba mata. An ce Rabi ta yi kuka a waya daga Agadas. An ce an yanke cewa daga yanzu ba za a riƙa bari na fita ni kaɗai ba. Na gode da kulawa. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina duba takardun yara, na kuma san cewa malamin da ya ga amsa bai ga hanyar da aka bi aka kai gare ta ba, yana da uzuri in ya ja jan layi. To ga hanyar. Ku karanta har ƙarshe kafin ku ba ni maki.

Akwai abu na biyu da nake so in gyara, ya kuma fi na farko nauyi. Kun tashi kuna jin cewa Gwaggonku Dije, yayata, mace ce mai riƙo, wadda ta yi shekara ashirin ba ta taka gidan ƙanenta ba, ko suna ko biki ko gaisuwar rashi. Ni na bar ku da wannan fahimta, domin ta fi mini sauƙi. Ba haka abin yake ba.

Kakarku, Innarmu, mai magani ce. Ba ta duba, ba ta bugun ƙasa. Ganye ta sani da saiwa da ɓawo, kuma mata daga Tarka har rugagen Fulani suna zuwa wurinta. A gidanmu wannan sani ta hannun mata yake bi, kuma ba a koyar da shi a ɗaki. Yarinya takan bi babba zuwa daji damina bakwai, tana riƙe da ƙwarya, tana kallo, tana sansanawa, har ranar da babbar za ta yi shiru ta bar ta ta nuna da kanta. Yaya Dije ta yi nata bakwai ɗin a bayan Inna. Allah bai bar mata ɗiya mace ba, saboda haka da ɗiyata Rabi ta kai shekara goma sai ta zo ta zauna a wurinmu, ta roƙe ni ita. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ɗauka wasan hutu ne da zai wuce da damina.

A lokacin ina shugabantar wata ƙaramar lakwal, wato makarantar boko, a ƙasar Balbeji, aji uku, biyu na laka ɗaya na zana. Duk wanda ya yi karantarwa a Damargu ya san yadda ake tarar da filin makaranta bayan damina. Tafasa ta kai ƙugu, tsidau ya shimfiɗu kamar tabarma yana jiran ƙafar yaro da tayar keke. Makon farko ba karatu ake yi ba, noma ake yi: yara su tumɓuke, su tara, a bari ya bushe, a cinna wuta. A shekarar nan sufeton makarantu ya aiko cewa yana tafe daga Tanut, ni kuwa ina neman a ba ni babbar makaranta, don haka na sa aka share filin har mutum yana iya cin tuwo a ƙasa. Ya iso, na jera yara, suka yi masa maraba da Faransanci ba tare da kuskure ba. Muna zagayawa ina nuna masa tsabta, muka karyo bayan aji, sai ga Yaya Dije a tsugune gaban ƴan tafasar da suka tsira a jikin shinge, Rabi na gefenta da ƙwarya. A kunnenmu ta yi wa ciyawar sallama kamar mai shiga gidan mutane, ta zuba gero cikin hannu a ƙasa, sannan ta fara tsinkar busassun kwanso tana sawa a ƙwaryar.

Sufeto murmushi kawai ya yi, ya tambaye ni da Faransanci ko wannan yana cikin darasin kimiyya. Yau na san wasa yake yi, mai yiwuwa ma tasa uwar haka take yi. A ranar kuwa ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Na fizge ƙwaryar daga hannun Rabi, na juye ta a kan tarin da za a ƙone, na kuma zaɓi in yi magana da Hausa domin yara su ji.

"Nan gidan ilimi ne, ba dandalin bori ba. Ki kwashe tsafinki ki kai inda ake so. Ke kuma Rabi, in na ƙara ganin ki a bayanta sai na karya miki ƙafa."

Matar da na faɗa wa wannan ita ta goye ni. Ta miƙe a hankali, ta ɗauki ƙwaryar, ta kakkaɓe ta a cinyarta.

"To, Auta."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Washegari ta koma Tarka. Ni kuma aka ba ni babbar makarantar.

Zan tsallake shekarun da suka biyo baya, kun san su, kuna ciki. Abu ɗaya kawai zan tuna muku, domin zai dawo. Kun san ubanku ba ya karyawa da koko. Tun ina ɗalibi na ɗauki shan baƙin kafe, gahawar Turawa, da safe a matsayin iyakar da ta raba mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, da sauran jama'a, kuma ko a shekarun da albashi ke makara ban bar shi ba.

Bayan na ajiye alli mun dawo Tanut sai idanuna suka fara ba ni labari. Da farko ja da ƙaiƙayi da ciwon kai, daga baya wani farin hayaƙi ya riƙa shiga tsakanina da shafi, har ya zama sai na kai littafi bakin hanci nake raba harafi da harafi. A gidan likita aka ce yanar ido ce, kuma sai an yi aiki a Damagaram. Ni da na shekara ina zana wa yara sassan ido da alli mai launi, da na ji an ambaci wuƙa sai na tuna ina da ayyuka da yawa a gida. Na shiga neman hanyar da ba ta da wuƙa, wadda kuma ba za ta zubar da girman mai karatu ba. Na tuna wani tsohon littafin Faransanci da na taɓa karantawa a kan ƙasar Sin, inda aka ce suna da maganin itatuwa wanda aka rubuta a manyan littattafai tun zamanin da ba a iya tunawa, kowane ganye da sunansa da awonsa, har da wata saiwa mai siffar mutum. Na riƙa ba da wannan labari a majalisa bayan la'asar, har abokan zamana suka fara tashi da wuri. Ina gaya musu cewa bambancin maganin Sin da na tsofaffinmu shi ne nasu ilimi ne, namu kame-kame. Gaskiyar magana, ba maganin ne ya burge ni ba. Rubutun ne.

Cikin tsofaffin ɗalibaina akwai Lawali, wanda a lokacin magidanci ne da iyali, yana aikin tafinta a wurin mutanen Sin da ke aiki a ƙasar Olelewa. Shi ya gaya mini cewa a sansaninsu akwai wani tsohon likita da ke duba ma'aikatansu, kuma yana da irin wannan magani. Na matsa masa har ya nemo mini izini. Na sa babbar riga na tafi.

Ɗakin ƙarami ne, bango guda cike da kwalabe a jere, kowace da takarda manne a jikinta. Ina shiga wani ƙamshi ya tare ni, na ce a zuciyata wannan shi ne ƙamshin ilimi. Ƙamshin ɗakin Inna ne, amma ban gane ba sai daga baya. Likitan ɗan tsamurmurin tsoho ne mai sanyin hannu. Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannuna na dama ya yi shiru, ya koma na hagu ya yi shiru, ya sa na fito da harshe, ya buɗe idanuna ya leƙa. Ta bakin Lawali ya tambaye ni yadda nake barci, ko bakina na ɗaci da safe, da kwana nawa nake yi ban zaga ba. Na amsa duka da ladabi, ina mamakin zurfin tambayoyin. Inna ma su take yi, da wannan jerin, kuma ina yaro dariya suke ba ni. Sannan ya ce in saurara da kyau: farin da ke idona babu abin da ke cikin kwalabensa da zai ɗauke shi, aikin asibiti ne, kuma kada in jinkirta. Abin da zai ba ni na ja ne da ciwon kai da taurin ciki. Rabin farko na maganar na bar masa shi a ɗakin. Ya ɗauko ƙaramin ma'auni, ya ɗibi nan ya ɗibi can, ya ƙulla mini ƙulli bakwai a farar takarda, kowane na kwana ɗaya. Na riƙo su a ƙirji har Tanut, ban yarda yaron mota ya taɓa jakar ba.

Na iso da azahar. Na kira Innarku tsakar gida, na sa ta wanke hannu, na yi mata ɗan taƙaitaccen bayani a kan tarihin ƙasar Sin, sannan na ba ta ƙulli ɗaya ta kwance a kan faifai. Na ji ƙarar takarda, daga nan ban ƙara jin komai ba. Shirun ya yi tsawo har na ɗauka kwarjinin abin ne ya kama ta.

"Malam, miƙo hannunka."

Ta sa mini wata ƙwaya a tafi.

"Tafasa ce."

Na yi mata bayani cikin haƙuri cewa abubuwa kan yi kama da juna, kuma idon da bai yi karatu ba yakan ruɗu. Ba ta yi musu ba. Ta tashi ta fita filin bayan gidanmu, ta dawo da busasshen kwanso, ta fasa shi, ta sa mini ƙwaya a ɗaya hannun. Idona ba ya gani sosai, amma yatsuna lafiyarsu lau. Tsawo ɗaya, santsi ɗaya, bakin nan guda biyu a karkace kamar an yanke da reza. Na sa ta dama a baki na tauna, na sa ta hagu na tauna. Bambancin kawai, ta likitan an soya ta. Ina zaune da ƙwaya biyu a baki Innarku ta ci gaba da rarrabe abin da ke kan faifan tana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake kiran sunayen yara da safe. Ga tsidau, an murje masa ƙaya. Ga citta. Ga jiji, wanda mata ke sawa a turare. Ga wani jan ɗan itace mai yamutsattsiyar fata, ta gutsura ta ce wannan yayar magarya ce, ta fi tamu girma kawai. Biyu ne ba ta sani ba, wata rawayar saiwa mai zaƙi da aka yanka fale-fale, da wasu ƙananan busassun furanni. Cikin abu bakwai da aka ɗauko daga ƙarshen duniya, uku suna ɗakin girkinta ko a bakin kasuwa, biyu kuwa na yi shekara talatin ina sa ƴaƴan mutane suna ƙonawa.

Mutum in ya faɗi yakan nemi abin dafawa. Na ce ko da tafasa ce, ta Sin ce, an yi nazarinta, kuma ni dai ban taɓa sa ƙwayar tafasa a cikina ba, ba kuma zan fara da ta bayan gidanmu ba. Innarku ta tattara takardar, ta ninke ta sau biyu.

"Yau shekara biyu kana shan ta kowace safiya."

Ban gane ba, sai da ta warware mini. Tun lokacin da idanuna suka fara ja labari ya kai Tarka ta bakin matan da ke zuwa cin kasuwa. Yaya Dije ta riƙa sa wata maƙwabciyarta tana tsinko mata ƙwayar, ita kuma ta soya, ta daka, ta aiko a gwangwani duk wata. Da gwangwanin farko ta haɗo saƙo, cewa a riƙa sa mini kaɗan-kaɗan a abin da nake sha, zai rage ja ya saki ciki, amma in fari ya fito a idon to yana ce, ba aikinta ba ne, a kai ni likita a cire. Innarku ta san in ta ambaci sunan Yaya gwangwanin zai bi ƙwarya. Sai ta fara haɗa shi da kafe, rabi da rabi, daga baya da ta ga ban ce komai ba ta daina sayen kafen gaba ɗaya.

"Kai da bakinka ka ce na bana ya fi na bara ƙamshi."

Na faɗa. Na ma tuna na taɓa ba wani baƙo kofi guda, na yi masa bayanin irin tsaunukan da ake noma shi. Na zauna a tabarmar nan har aka kira la'asar ban motsa ba. Ban san wanne ya fi girgiza ni ba, ko cewa masanin Sin da jahilar Tarka sun faɗi magana ɗaya har da gargaɗin wuƙa, ko cewa matar da na kora a gaban yara ita ke dafa mini abin karyawa daga nisan tafiyar yini.

Duk da haka sai da na nemi wanda zan ɗora wa laifi. Na ce Lawali ne ya haɗa baki da wani aka cika mini takarda da ciyawar bakin hanya. Bayan kwana biyu na koma Olelewa da ƙullin da kwanson bayan gidanmu, na ajiye su a gaban likitan, na ce a tambaye shi ma'anar wannan. Tsohon ya ɗauki kwanson, fuskarsa ta washe kamar an kawo masa wasiƙa daga gida. Ya kama hannuna ya ja ni waje, bayan shingen sansanin, ya nuna mini tafasa tsaye cikin rana, ya durƙusa ya shafa tsidau a ƙasa. Muka dawo ya buɗe wani littafi mai kauri, ya kai mini shi bakin hanci, ga zanen tafasa da ganyenta da furenta da kwansonta, rubutu ya kewaye ta ta ko'ina. Lawali ya ce sunanta a wurinsu yana nufin ƙwayar da ke haskaka ido. Ya ce wadda ke kwalba daga ƙasarsu aka kawo ta, ta jirgin ruwa da mota, amma tun ranar da likitan ya sauka ya gan ta a nan ko'ina, awaki na wucewa ta gefenta. Sannan ya yi tambayar da ta ƙarasa ni. Ya ce akwai itatuwa da yawa a dajin nan da ba su cikin littafinsa, yana so ya yi yawo da wanda ya san su, amma duk mai ilimin da ya tambaya sai ya ce shi bai san irin waɗannan abubuwa ba. Ko ni na san wani?

Lawali ya juyo yana jiran amsata. A nan na tuna cewa yana cikin yaran da suka tsaya a layi ranar da sufeto ya zo.

"Ka ce masa yayata."

Bai fassara nan da nan ba.

"Mushe, wadda ka..."

"Ita."

Ranar kasuwa na shiga motar Tarka. A hanya na shirya jawabi mai gabatarwa da sassa uku da kammalawa. Na same ta a ƙarƙashin rumfar zana, ƙafafunta a miƙe, sun kumbura kamar turmi. Damina biyu ke nan ba ta wuce ƙofar gida ba. Na yi sallama, ta amsa ba tare da ta ɗago ba, ta ce a ba baƙo ruwa. Sai da na sha ta dube ni.

"Auta, ka tsufa."

Jawabin ya gudu. Abin da na iya yi kawai shi ne na ajiye ƙullin a gabanta. Ta kwance, ta riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya tana kaiwa hanci. Ta ce wanda ya soya ƙwayar nan yana da malami, domin ɗanyarta gudawa take sawa. Ta jinjina murjin ƙayar tsidau. Rawayar saiwar ta daɗe tana taunawa, ta ce wannan baƙuwa ce, a bar mata ita. Ta ce in gaishe da mutumin, in kuma gaya masa tsidau ɗin ya ɗan yi yawa ga mai shekaruna. Ba ta ambaci gwangwani ba, ni ma ban ambata ba.

Da na ga hira ta ɗan sake sai na tambaye ta abin da geron yake nufi, da sallamar. Ta ajiye saiwar.

"Shekara ashirin, sai yau ka tambaya?"

Ta ce dokar Inna ce. Duk cikin hannun da za ka ɗiba a daji, sai ka bar cikin hannu na gero, kuma daga rumbunka, ba na aro ba. A ƙasar da damina kan zo ta ƙi zuwa, macen da ta san da abincin ƴaƴanta take musaya ba za ta ɗibi fiye da buƙata ba, ba za ta tumɓuke ba, saboda haka baɗi za ta dawo ta tarar. Waɗanda ke ɗiba kyauta su ne suka ƙarar da itatuwan da ke kusa da gari. Na ce to sallamar fa?

"Maciji. In ka yi magana kafin ka sa hannu, abin da ke kwance a ciki ya ji ya ba ka wuri. Sauran kuma ladabi ne. Wanda ya halicce ka shi ya halicce ta."

Wannan shi ne borin. Wannan shi ne tsafin da na kori yayata a kansa. Na karanta littattafai a kan kare daji, na sa yara sun haddace darasi a kan hamada da ke cin ƙasa, kuma dokar da ta fi duka waɗannan aiki tana tsugune a bayan ajina na juye ta a kan shara. Tambaya ɗaya ce, ta minti ɗaya, ban yi ta ba.

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun kafin ta kai Tarka a wancan karon. Zuwa gidana ne ba za ta iya ba, domin in ta ga Rabi ba za ta iya kame bakinta ba, ni kuma na yi rantsuwa a kan ƙafar yarinya. Nan da nan na ce to a gyara. Zan kira Rabi ta ɗauki hutu ta zo, ga kuma likitan Sin yana so su yi yawo tare. Ta dafa gwiwoyinta.

"Da waɗanne ƙafafu, Auta? Abin a ƙafa yake. Na jira ta damina bakwai, duk shekara ina ajiye mata ƙwarya. Daga nan na daina."

Babu wata yarinya da ta koya wa. Ta ce na gidanmu ne, kuma ta yi ta zaton zan huce in aiko ta ko da hutu ne. Na roƙe ta ta bar ni in rubuta. Ta ce Inna ba ta taɓa yarda da haka ba, amma yanzu a gidan Inna babu wanda zai bi daji sai wanda zai riƙe alƙalami. Kwana tara na yi a Tarka da kaye, littafin rubutu irin na ƴan makaranta, ina rubutu da manyan haruffa waɗanda ni kaina ba na gani. Tana faɗin suna, tana faɗin amfani, amma in na ce yaya kamanninsa sai ta ce wanda ke gindin tudun gabas da tsohuwar rijiya, mai jan kara, bayan ruwa na uku. Na tambaya aka ce rijiyar ta daɗe da rufewa, tudun kuma gona ce yanzu. Ranar da zan tafi ta ce in je a cire mini yanar nan in daina wauta, in na dawo da ido sai a ɗora ta a amalanke idan ruwa ya sauka, ta riƙa nunawa da sanda ina dubawa.

Na je Damagaram. Aikin da na yi shekara biyu ina gudu bai kai tsawon darasin safe ba. Aka cire bandeji na ga zaren da ke jikin rigar likita ɗaya-ɗaya. Na dawo ina ƙirga kwanakin damina, har na yi magana da mai amalanke. Yaya Dije ta rasu a tsakiyar bazara, saura ƴan makonni ruwan farko ya sauka. Likitan Sin ma ya koma ƙasarsu a shekarar, ba su taɓa haɗuwa ba. An sami rawayar saiwar a ƙulle a bakin zanenta.

Bayan ruwa na uku na tafi kwarin Tarka ni kaɗai da kayen. Ban taɓa ganin daji kamar ranar ba. Kowane ganye ina ganin jijiyarsa, kowane fure ina iya ƙirga kunnuwansa. Na buɗe shafin farko na karanta suna, na ɗaga kai na duba, na sake karantawa. Na yini a haka. Cikin sunaye fiye da arba'in da ta ba ni, biyar na iya haɗawa da ganyensu, kuma biyu daga cikin biyar ɗin tafasa ce da tsidau.

Rabi, ke kika yi damina ɗaya a bayanta, kuma ni na hana ki sauran shida. Yanzu kina aiki a gidan likita, kin san abin da ban sani ba, kuma ban ce ki bar allura ki koma saiwa ba, Gwaggonki ma ba ta ce ba. Amma mai yiwuwa hancinki ya riƙe abin da kayena bai riƙe ba. Yana cikin akwatin ƙarfe, a ƙarƙashin takardun aikina. In kin zo da damina ki zo da ɗiyarki.

Sauran ku kuma, ban ƙi hukuncin taronku ba. Gobe da hantsi zan fita filin bayan gidanmu in ɗebo abin karyawata, domin ban koma kafe ba. Wanda aka ɗora wa tsarona yana iya biyo ni. Ya yi sallama kafin ya sa hannu, ya kuma zo da geronsa daga gidansa, nawa na cikin hannu ɗaya ne.